Ɗan Tsiron Kan Dutse Mai Farautar Ƙwari

   A shirinmu na faɗakarwa a kan muhalli, yau dutse za mu hau, mu je mu ga wani ɗan tsiro mai fure wanda tsawon ransa bai wuce damina ɗaya ba, amma a cikin 'yan watannin nan yakan kama ƙwari ya narkar da su ya sha. Na san wani zai ce wannan labarin ƙasashen Turawa ne ko na dazuzzukan Amurka. To, a nan Afirka ta Yamma yake, har da Najeriya.

Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Abuja, ko ya hangi Kufena daga Zariya, ko ya wuce Kwatarkwashi a kan hanyar Gusau, ko ya hau ƙasar Jos ta Riyom, ya san irin duwatsun da nake nufi: ƙaton dutse mai doro, mai sulɓi, wanda ya taso shi kaɗai a tsakiyar fili. Da bazara in ka hau shi tsakar rana, ko da takalmi sai tafin ƙafarka ya gaya maka. Masu bincike da suka auna irin waɗannan duwatsu sun tarar zafin fuskar dutsen yakan kai digiri 60. Ƙasa babu, inuwa babu. Ruwan sama kuwa in ya sauka ba ya zama, kafin a ɗauke ya gangare, jim kaɗan dutse ya bushe kamar ba a yi ba. Shi ya sa mai gona ba ya ko kallonsa, mai sayar da fili kuma sai ya rage kuɗi saboda shi.

Amma akwai rai a wurin. Baƙin nan da kuke gani a jikin dutsen ma ba launinsa ba ne na asali. Ku dubi inda masu fasa dutse suka ɓantare, za ku ga cikinsa fari-fari ne ko ja-ja. Wasu ƙananan halittu ne dangin gansakuka suka lulluɓe shi, su ne mazauna na farko. Bayan su sai wata ciyawa mai taurin rai, dangin aya, wadda masana ke kira Afrotrilepis pilosa. Ita takan yi shimfiɗa a kan gangaren dutse, ta manne masa ba tare da ƙasa ba. Da rani takan bushe ƙamas, ka rantse ta mutu, amma ruwa na sauka sai ta koma kore cikin 'yan kwanaki. Shekara da shekaru saiwoyinta da matattun ganyayenta suna tare ƙurar da iska ke kawowa, har a sami baƙar ƙasa mai riƙe ruwa a ƙarƙashinta. In an ɗauke ruwan sama, sai shimfiɗar ta riƙa sakin abin da ta sha a hankali, yana tsattsafowa yana bin jikin dutse.

To ku bi wannan tsattsafin da ido. Can ƙasa kaɗan, inda gangaren ya ɗan lafa, za ku tarar da wani siririn fili mai yashi da baƙar laka, kaurin ƙasarsa bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ko biyu ba. A tsakiyar damina a jiƙe yake sharkaf dare da rana, in ka danna da yatsa sai ruwa ya taso. Da rani kuwa garin ƙura ne kawai. Nan ne gidan baƙon namu na yau. Masana tsirrai suna kiransa Drosera indica, mu kuma a shirin nan sai mu ce masa dorosera don sauƙin baki.

Mai tafiya a tsaye ba ya ganinsa, sai an tsuguna. Karansa guda ne, siriri, bai kai tsinken tsintsiya kauri ba, tsawonsa yawanci tsakanin santimita 10 zuwa 30. Don rashin ƙarfi sau da yawa yakan jingina da ciyayin da ke kusa da shi. Ganyayensa ba su da faɗi, zara-zara ne, kore mai haske, sun bazu ta kowane gefe. A jikin kowane ganye akwai gashi birjik, kuma a kan kowane silin gashi akwai ɗigon ruwa guda, garau, yana ƙyalli. Da safe sai ka ɗauka raɓa ce. Ka dawo da azahar, raɓar ko'ina ta bushe, tasa tana nan. Ka taɓa da yatsa ka ɗaga, sai ka ga ta biyo ka tana yauƙi. Danƙo ne, tsiron ne da kansa ke fitar da shi. Furensa mai kunnuwa biyar ne, ruwan hoda, wani lokaci da ɗan duhun shuni, girmansa bai wuce farcen yatsa ba. Saiwarsa kuwa 'yar guntuwa ce, abin da za ta riƙe shi ta kuma sha ruwa kawai.

Yanzu ku saurari yadda farautar take. Ga ɗan ƙaramin ƙuda nan yana shawagi, ya hangi ƙyalli, ya sauka. Ƙafarsa ta farko ta manne. Ya yunƙura zai tashi, fiffikensa ya taɓa ɗigo na biyu. Duk motsin da ya yi don ya kuɓuta, ƙara shafa wa kansa danƙo yake yi, kuma motsin nan shi ne ke sanar da tsiron cewa an yi kamu. Sai silin gashin da ke kewaye su fara lanƙwasowa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, suna dafe shi a jikin ganyen. Ƙwaro ba ta hanci yake numfashi ba, wasu ƙananan ƙofofi ne a gefen jikinsa. Da danƙo ya toshe su, ga kuma gajiya, cikin mintoci sai ka ga ya daina motsi. Daga nan kawunan gashin nan, waɗanda suka fitar da danƙo, su ne kuma za su fitar da ruwan narkarwa, mai aiki irin na ruwan da ke cikin tumbin ɗan Adam. Naman ƙwaron ya narke ya zama ruwa, ganye ya tsotse. Bayan 'yan kwanaki abin da zai rage shi ne busasshen ɓawo da fukafukai. In ka duba tsohon ganye da kyau za ka ga gawarwakin a jere: ƙananan ƙudaje, sauro, wani lokaci har ƙaramin malam-buɗe-littafi. Wani ɗan uwansa na Afirka ta Kudu ma ganyen ne gaba ɗaya yake nannaɗe abin da ya kama.

A nan mutane da yawa sukan yi kuskuren fahimta, su ce wato tsiron nan nama ne abincinsa. A'a. Kore ne, kuma kamar gero da dawa, da hasken rana da ruwa da iska yake haɗa abincinsa. Abin da yake nema a jikin ƙwaro taki ne. Kowane manomi ya san shuka ba ta yin kyau sai da sinadarin naitirojin, wanda ake saye a buhun yuriya, da fosfaras, wanda ke cikin supa da kamfa. Ƙasar bakin tsattsafi kuwa ba ta da su sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ba ta da zurfi, dutsen da ke ƙarƙashinta ba ya ruɓewa da sauri balle ya ba ta wani abu, ruwan da ke bi ta kanta kullum kuma yana wanke ɗan abin da ta tara. Jikin ƙwaro kuwa cike yake da naitirojin. Abin da sauran tsirrai ke nema a ƙasa da saiwa, shi sai Allah Ya hore masa ya samo shi daga iska da ganye.

An daɗe ana gardama a kan wannan kafin a tabbatar. A shekarar 1860 wani masanin halittu na Ingila, Charles Darwin, ya lura da yawan ƙwarin da ke manne a ganyen wani ɗan uwan dorosera mai kewayayyen ganye a wani fili mai dausayi a yankin Sussex. Abin ya tsaya masa a rai, ya kwashi tsirran ya kai gida, ya shiga gwaji, bai fitar da littafinsa a kan tsirrai masu cin ƙwari ba sai 1875. Gwajin nasa mai sauƙi ne, har ɗalibin sakandare zai iya maimaitawa. Ya ɗiga wa ganye ruwan sukari, gashin bai motsa ba. Ya ɗiga ruwan ƙaro, shiru. Ya gwada shayi da mai, shiru. Da ya ɗiga madara, ko farin ƙwai, ko romon nama, sai gashin ya lanƙwaso ya rufe. Ɗigon ruwan sama mai nauyi bai sa shi motsi ba, amma ɗan guntun gashin mutum da ido da ƙyar yake gani ya sa. In kuma ya ɗora abin da ba ya ciyuwa, kamar ɓarɓashin gilashi, gashin yakan rufe, sannan ya saki da wuri. Wato ganyen yana bambance abin da ke da naitirojin da wanda ba shi da shi.

Duk da haka wasu masana na lokacin suka ce to an ji yana narkarwa, amma wa ya ce yana amfana? Ɗansa, Francis Darwin, shi ya kashe bakin maganar a 1878. Ya dasa tsirran a faranti, ya raba kowane faranti biyu, ya rufe da yadi mai raga don kada ƙwaro ya shiga, sannan ya riƙa ba ɓangare ɗaya 'yan ɓarɓashin gasasshen nama, ɗayan ya bar shi haka. Waɗanda suka ci nama sun fi yawan fure, yawan irin da suka zuba kuma ya ninka na 'yan uwansu fiye da sau biyu. Ku riƙe wannan, don a kansa rayuwar namu na kan dutse ta rataya: ribar farautar a iri take fita.

Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Tarkon nan yana da tsada ga tsiron. Danƙon sukari ne da ruwa, kullum kuma sai an sabunta shi. Siririn ganye mai gashi ba ya kama hasken rana kamar faffaɗan ganye, don haka dorosera ba ya girma da sauri, ba ya kuma iya gasa da ciyawa. Wani masani ɗan Amurka, Thomas Givnish, shi da abokan aikinsa sun yi bayani a 1984 cewa cinikin ba ya biya sai an haɗa abu uku a wuri guda: rana mai yawa, ruwa mai yawa, da ƙasa matalauciya. In inuwa ta yi yawa, ba shi da ƙarfin yin danƙo. In ruwa ya yi ƙaranci, danƙon ya bushe. In kuma ƙasa ta yi ƙarfi, ciyayi masu saurin girma za su taso su rufe shi ya mutu a ƙarƙashinsu. Abin da zai ba manomi mamaki ke nan: taki, wanda ke raya kowace shuka a gona, shi ne ajalin wannan. Kashin shanu kaɗan a saman gangare, ko ruwan da ya wanko yuriya daga wata gona, ya isa ya mai da wurin ciyawa zalla.

To yaya yake yi da rani? Ba ya yin komai, mutuwa yake yi. Ciyawar da muka ambata ɗazu takan bushe ta farfaɗo, wasu tsirran kan dutse sukan ɓoye ruwa a ganye ko a wani ɗan kai a ƙarƙashin ƙasa. Dorosera ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yakan tsiro bayan damina ta kankama, tsattsafi ya daina yankewa. Ya yi ganye, ya fara kamu tun yana ɗan mitsitsi, ya yi fure daga tsakiyar damina zuwa kaka, furen ya zama ɗan ƙwanso, ƙwanson ya tsage ya zubar da iri baƙi, ƙanana ƙwarai har iska na iya ɗauka. Da ruwa ya janye, kafin hunturu ya kankama, uwar ta bushe ta karye ta bi iska. Saura wata bakwai ko takwas na shekara, duk zuriyar tana kwance a matsayin iri a cikin ɗan garin ƙurar nan, a kan dutsen da ke ƙona tafin ƙafa. Busasshen iri yana jure zafin da zai dafa ɗanyen ganye.

Manoman da ke yin binne sun san irin wannan caca. Ka zuba iri a busasshiyar ƙasa, ruwan farko ya sauka ya tsiro, sannan sama ta ɗauke mako uku, shuka ta ƙone. Kai kana da sauran iri a rumbu, ko ka je kasuwa. Tsiron daji mai shekara ɗaya ba shi da kasuwa, in duk irinsa ya tsiro lokaci guda aka yi fari, zuriyarsa ta ƙare a wurin. Masana da suka yi nazarin irin waɗannan tsirrai a wurare masu ƙarancin ruwa sun gano cewa irinsu ba ya tashi gaba ɗaya. Wani ya tsiro bana, wani ya yi kwance sai baɗi, wani sai shekarun gaba. Shi ya sa a kan dutse guda za ka ga wani tsiro ya cika wuri bana, baɗi ka neme shi da ƙyar, sannan ya sake dawowa. Wasu Jamusawa biyu, Stefan Porembski da Wilhelm Barthlott, waɗanda suka daɗe suna nazarin duwatsun Kodebuwa da wasu ƙasashe, sun nuna cewa masu shekara ɗaya babban kaso ne na tsirran irin waɗannan duwatsu, musamman a yankunan da rani ke da tsawo.

Ba shi kaɗai ne mafarauci a bakin tsattsafin ba. In ka ga wasu 'yan furanni rawaya ko shuɗi-shuɗi a kan kara siriri kamar gashi, kamar ba su da ganye, sau da yawa dangin Utricularia ne. Su tarkonsu a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake, wasu 'yan jakunkuna masu murfi da ke zuƙe ƙananan halittun ruwa. A 'yan uwansu na cikin tafki an auna saurin zuƙar da kyamara, aka tarar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Fili mai faɗin tabarmar sallah zai iya ɗaukar mafarauta iri biyu ko uku, kowa da dabararsa.

Dorosera namu ya yi nisa a duniya. Ana samunsa daga Senegal da Gini da Saliyo, ta Ghana da Najeriya da Kamaru, har Madagaska, Indiya, kudancin Sin da Japan. Ba kan dutse kaɗai yake fita ba, yakan fito a dausayi mai yashi da kan fakon marmara da ruwa ke kwanciya a kai, duk inda sharuɗɗan nan uku suka haɗu. Masanin Siwidin Carl Linnaeus ne ya sa masa sunan da ake kiransa da shi a 1753, daga busasshen samfurin da aka tsinko a tsibirin Sirilanka. A yankinmu kuwa yana cikin babban kundin tsirran Afirka ta Yamma da John Hutchinson da John Dalziel suka fitar tsakanin 1927 da 1936. Shi Dalziel likita ne da ya yi aiki a Arewacin Najeriya, kuma shi ne ya tattara sunayen tsirrai da Hausa ya buga a 1916. Dangin dorosera a duniya sun kai kusan iri 200 ko fiye, mafi yawansu a Ostareliya. A nan gida, wanda yake ƙasar Jos, inda tudun ya haura mita 1,200 kuma damina ke kaiwa wata shida zuwa bakwai, ko kudancin Kaduna da kewayen Abuja, ya fi wanda ke can arewa damar cin karo da shi, don tsattsafi ya fi daɗewa a can.

Na san tambayoyin da ke zukatanku, bari in amsa uku. Manomi zai ce, ba zai shiga gona ya zama mini wata wuta-wuta ba? Gaskiya sun yi kama ta wasu fuskoki: duka biyun masu shekara ɗaya ne, furensu ruwan hoda, irinsu ƙanana, kuma sun fi son ƙasar da ta gaji. Amma wuta-wuta saiwar dawa da gero take kamawa ta tsotse, shi kuwa bai taɓa saiwar kowa, kuma ƙasar da aka nome aka sa wa taki ba ta karɓarsa ma.

Makiyayi zai ce, ba ya cutar da dabba? A nan akwai wani tsohon labari mai amfani. Makiyayan Ingila na dā sun daɗe suna zargin dorosera na ƙasarsu da lalata hantar tumaki, don duk inda tumaki suka yi kiwo a wurin da yake fitowa sai su rame su mutu. Daga baya aka gano ba shi ba ne. Tsutsar hanta ce, wadda ke rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na wurare masu dausayi, sannan ta manne a ciyawa dabba ta haɗiye. Laifinsa kawai shi ne zama unguwa ɗaya da mai laifi. Ciwon hantar nan kuwa kun san shi a fadamunmu, maganinsa na wurin likitan dabbobi.

Na uku zai ce, yana magani? A Turai an daɗe ana haɗa maganin tari da wasu danginsa, har ana fitar da wani iri daga Madagaska zuwa can saboda haka. Sai dai dangin nan suna ɗauke da wani sinadari mai ƙarfi da kan ƙona fata, kuma masu haɗa maganin awo suke yi. Kada wani ya ji shirin nan ya hau dutse ya tsinko ya jiƙa wa yaro. Mai tarin da ya wuce mako biyu asibiti ya kamata ya nufa a duba ko tarin fuka ne.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya mu yi magana ta gaskiya. Wani nazari da aka buga a 2020 ya ƙiyasta cewa a cikin tsirrai masu cin ƙwari kimanin 860 da aka sani, wajen kashi ɗaya cikin huɗu suna fuskantar barazanar ƙarewa. Namu ba ya cikin waɗanda ake jin tsoron ɓacewarsu daga duniya, don ya bazu a ƙasashe da yawa, kuma ba zan tsorata ku da abin da ba haka yake ba. Matsalar ta dutse ɗaya-ɗaya ce. Kowane dutse a keɓe yake, gonaki da garuruwa sun raba shi da ɗan uwansa. In tsirran kansa suka ƙare, kafin iska ko ƙafar tsuntsu ta sake kawo iri, kuma irin ya tarar da ƙasar da zai zauna, wanda ya gani ba lallai ya ga dawowarsu ba.

Abin da ke kashe su kuwa a gabanmu ake yi. Mafarauta su cinna wa shimfiɗar ciyawa wuta don su koro rema ko gafiya. Wuta ɗaya ba ta cika gamawa da ita ba, amma in ana yi kowace shekara gefenta yakan mutu ya ɓamɓare, ruwan farko ya kwashe ƙasar da aka yi shekaru aru-aru ana tarawa, tsattsafi ya ƙafe. Garke ya bi ta kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tattake ta, ya bar kashi. A gefen gari kuma a mai da kwarin dutse bola. Mata masu shanyar rogo da barkono da hatsi a kan falalen dutse ba su cikin wannan lissafi, don inda babu ƙasa suke shimfiɗawa, sana'arsu ba ta taɓa komai.

Babba a cikin masu kashe tsirran nan shi ne fasa dutse. Ba na cikin masu cewa a daina. Da tsakuwa ake yin titi da gada da asibiti, kuma iyalai da yawa da guduma suke ci. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne lokacin da ake zuwa duba wuri. Najeriya tana da doka tun 1992 da ta wajabta a tantance illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara, har da haƙar ma'adinai da fasa dutse. To in mai tantancewa ya hau dutse a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da hanya ta fi kyau, me zai gani? Dutse tsirara da ƙura. Zai rubuta cewa babu abin da ke raye a nan, kuma a iya abin da idonsa ya gani bai yi ƙarya ba, alhali a kan dubban iri yake tsaye. Rahoton da aka rubuta a kan tsirran dutse ba tare da an taka wurin da damina ba, a ganina bai cika rahoto ba. Kuma ba kowane dutse ne dole a fasa ba. In an ba da uku, a bar na huɗu, musamman wanda ke da shimfiɗar ciyawa da tsattsafi.

An taɓa yin irin wannan kuma ya yi amfani. A kusa da Jos, a ƙauyen Laminga, akwai dajin Amurum mai faɗin kimanin hekta 300, mai duwatsu da kurmin bakin rafi, wanda mutanen wurin suka amince a kiyaye. A can cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis take, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos. A duwatsun yankin nan ne aka gano wani ɗan jan tsuntsu mai cin tsaba wanda masana ba su rubuta shi ba sai a 1998. In har tsuntsu mai tashi yana kuka a gaban kowa ya kai wannan lokaci ba a tantance shi ba, ku ƙiyasta abin da ke kwance a cikin ƙura a kan duwatsun da ba wanda ya taɓa hawa da niyyar dubawa.

Saboda haka ga roƙona. Malaman kimiyya na firamare da sakandare da ke kusa da irin waɗannan duwatsu, ku ɗauki ɗalibanku tsakanin Agusta da Oktoba, da safe bayan an kwana biyu ba a yi ruwa ba, don jiƙaƙƙen dutse yana da santsi kuma ya sha karya mutane. Ku bi ta busasshen wuri, ku tsaya a gefen tsattsafi, kada ku shiga ciki. In kun same shi kada ku tuge, ba ya rayuwa a tukunyar ƙasar gona. Ku ɗauki hoto da waya, ku rubuta sunan dutsen da ranar, ku kai wa sashen nazarin tsirrai na jami'a ko kwalejin da ta fi kusa da ku. In dattawan garinku suna da sunan da suke kiransa da shi, da Hausa ko Fulatanci ko Berom ko wani harshe, ku rubuta shi ma. Masu unguwanni da dagatai, ku ja kunnen masu cinna wuta a kan dutse. Makiyaya, in da hali a kewaya da garke ta ƙasa. Jami'an muhalli kuma, in takardar neman izinin fasa dutse ta zo teburinku, ku tambaya a wane wata aka je duba wurin.